Jingina a Kan Ruwa

A ofis lissafin tudu aka koya mini:
gida ba ya tafiya, gona ba ta nutsewa.
Sai aka turo ni Yelwa da jaka da biro,
aka ce je ka duba jiragen da za mu ba bashi.
Jingina ce mai iyo.
Da hantsi tana nan, da azahar tana Warra,
da magariba Allah kaɗai ya san inda take.

Na fara da Alhaji Shekarau Gado,
mai jirage tara, sunansa da jan fenti a jikin kowanne.
Ya shimfiɗa mini darduma, ya sa aka soya giwan ruwa,
ya ce, "Yaro, ƙirga da idonka."
Na ƙirga. Tara ne cif.
Ban ƙirga tsumma da kwaltar da aka cusa a tsagar katako ba,
ban tambayi shekarun injin nan mai tari kamar tsohon mashayin taba ba,
ban tambayi inda cinikin yini ke kwana ba,
ko hannun ɗansa, ko aljihun babbar rigarsa.
Na rubuta: babban kamfani ne.
Manaja ya sa hannu tun shayinsa bai huce ba.

Hajiya Tumba kuwa biyu gare ta, gadon miji,
ɗaya ma yana kife a kan yashi ana masa gyara.
Ba darduma. Littafi ta miƙo mini mai bangon leda,
ruwa ya taɓa cin gefensa.
Albasa buhu nawa, fasinja nawa, mai lita nawa,
ranar da aka canza farfela,
ranar da ta hana Manu tashi don hadari ya haɗo daga gabas,
kasuwa guda ta wuce ta,
ta rubuta asarar da hannunta.
Ta ce, "Kar ku yanka mini biya ɗaya kowane wata.
Kogi ba ya biyan albashi.
In ya cika ku karɓa da yawa, in ya janye ku sassauta."
Sati uku takardarta na juyi a kan tebur,
aka ba ta rabin abin da ta nema, da ruwa mai tsada.
"Ruwa a kan ruwa," in ji ta, ta dangwala yatsa.

Rani ya zo. Kogi ya ja zanensa.
Kututturan da suka kwana shekaru a ƙarƙashi
suka matso kusa da cikin jirage.
Ranar biya ta gabato, Alhaji ya loda wa jirgi ɗaya kayan biyu.
Sarkawa suka tsamo mutane, ba wanda ya rasu,
amma kwana uku albasa na yawo a bakin gaɓa,
yara na tsinta da kwando.

Da na je karɓar jingina na tarar da kwanso takwas,
inji uku kacal,
biyu daga ciki wani banki ya riga mu liƙa musu takarda.
Akuya na tuƙa a inuwar mafi girmansu.
Jan fentin nan bai koɗe ba.

Ita kuwa kuɗinta na zuwa da danshi,
ɗaure da roba, suna ƙarnin kifi.
Watan da ta gaza, kwana goma kafin ranar ta aiko Manu
da adadin giɓin a ɗan guntun kwali.

Yanzu in an aike ni ba na ƙirga jirage daga gaɓa.
Ina tuɓe takalmi in shiga,
in danna farce a katakon ƙasa,
in ja direba gefe in tambaye shi yaushe rabonsa da haƙƙinsa.
Fom ɗinmu ba shi da gurbin wannan.
A gefen takarda nake rubutawa,
manaja ya ce ina ɓata masa fayil.

Jiya Tumba ta kawo buƙatar jirgi na uku.
Tana kan teburinsa, ƙarƙashin kofi.